Reshe ya lalace: uwa za a kama ko wanda ya cire shi?

Baffan Makka:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san Injiniya ba zai yarda ba, amma sai na faɗe ta. Duk babban tsarin Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) da ya buɗe ƙofa ya ce kowa ya zo ya ɗiba ya gina nasa, wato uwa da ake cire reshe daga jikinta, ba shi da damar wanke hannu ranar da abin da aka gina ya sami matsala. Shi ya ba da izini. Sunansa ya sa mutane suka amince. Mafi yawan abin da ke cikin reshen nasa ne, ko harafi ba a taɓa ba. To don me in an kai masa kuka zai ce a koma wurin wanda ya bayar?

Abin da ya tayar min da maganar, kwamfutocin wata makarantar haddar yara da nake duba musu a nan Makka suna kan wani ƙaramin reshe da wani bawan Allah ya haɗa, da Alƙur'ani a ciki da lokutan salla da rubutun Larabci da na Hausa. Bayan sabuntawa firinta ta tsaya. Na rubuta wa masu uwar tsarin rahoto cikin ladabi, ba zan kama suna ba. Suka rufe shi da layi biyu, ko irin firintar ba su tambaya ba. Wannan ba zumunci ba ne.

Injiniya (Dammam):
Wa alaikumus salam Baffa. Abin da ciwo, ban musa ba. Amma ka duba ta ɓangaren wanda ya karɓi rahoton. Kafin ya gyara matsala sai ya iya tayar da ita a gabansa, ya gan ta da idonsa. Reshen ba ya hannunsa. Bai san me bawan Allahn nan ya cire ba, me ya ƙara, wane rumbun sauke manhajoji ya jona, wane fakiti, wato ƙunshin manhaja, ya hana shi sabuntuwa. Yana iya kwana uku yana neman kuskure a cikin nasa aikin alhali kuskuren na wani ne. Kuma galibinsu ba albashi ake ba su ba, bayan sun taso daga aiki suke zama. Shi ya sa masu tsarin Arch tun tuni suka kafa doka cewa taimakonsu na masu Arch ne kawai, mai Manjaro, reshen da aka gina a kan Arch, ya nufi Manjaro.

Izini kuma daban, lamuni daban. Lasisin GPL ɗin da ya ba ka damar ɗauka ka canza ka raba, shi ne ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu garanti ko kaɗan.

Baffan Makka:
Ɗana, ni ba kotu na ce zan kai su ba. Lasisi na maganar abin da alƙali zai tilasta, ni ina maganar abin da ya kamata.

Auta (Riyad):
Ina bayan Baffa a nan. Yaya Injiniya, ka manta cewa rassan nan su suka kawo wa uwayen jama'a? Ni da Mint na fara, wadda reshen Ubuntu ce, ita kuma Ubuntu reshen Debian, ta nan na san akwai wani abu wai shi Debian. Debian tun 1993 take, amma sai da Ubuntu ta fito a Oktoban 2004 talaka ya fara sa Linux a kwamfutarsa ba tare da ya nemo gwani ba. Idan ana ƙirga masu amfani, uwa ta ƙirga har da mu. Idan matsala ta zo, mu ba 'ya'yanta ba ne. Ai bai yi ba.

Injiniya (Dammam):
Auta, misalin da ka kawo nawa ne. Je ka buɗe fakitin da Ubuntu ta taɓa. Za ka ga ta liƙa sunanta a jikin lambar fakitin, ta cire sunan mai kula na Debian daga gurbin mai kula ta sa nata, nasa ta mayar da shi gefe a matsayin mai asali. Me ya sa? Don kada mai amfani da Ubuntu ya je yana damun mutumin da bai san an canza masa aiki ba. Tana da wurin karɓar rahotonta, Launchpad. Tana da ma'aikatan tsaro nata. Facin da ta yi, wato gyaran da ta liƙa wa manhaja, a buɗe yake, mai kula na Debian na ganinsa daga shafin fakitinsa. Wannan shi ne reshen da ya san nauyinsa. Wanda ya canza hoton bango da suna ya zuba manhajoji biyar ya ɗora a intanet, ya bar adireshin kai ƙara yana nuna uwa, shi ya jefa Baffa cikin wannan hali.

Malam (Madina):
Assalamu alaikum. Na karanta daga sama. Baffa, Allah ya ƙara girma, zan kawo abin da muke karantawa kullum a nan, don a ganina ya yi daidai da batun. Malaman hadisi suna da abin da suke kira mudraji, wato mai ruwaya ya shigar da kalmarsa cikin matani, ko da niyyar bayani ne, ba tare da ya raba ta da asali ba. Na bayansa su ɗauka duka maganar ta tushe ce. Malamai ba su ɗora wa wanda aka ruwaito daga gare shi nauyin wannan ƙarin ba, kuma ba su ce a daina ruwaya ba. Abin da suka nema shi ne a bambance: wannan nasa, wannan nawa. GPL ma haka ta shardanta, wanda ya canza fayil ya rubuta a fili cewa ya canza, da ranar da ya canza. Saboda haka tambayar farko da zan yi wa mai reshen nan ita ce, ina jerin abin da ka taɓa? In babu, ya tauye haƙƙin Baffa, ya kuma tauye na uwar.

Baffan Makka:
Malam, na ji. To amma in ya tabbata matsalar firintar daga uwar take, reshen bai taɓa wurin ba fa? Sun rufe ba su bincika ba.

Malam (Madina):
In haka ne suna da buƙatar sani, don su ma tana cikin gidansu. Sai dai wa ya kamata ya tabbatar? Mai reshe. Ya karɓi kukanka, ya gwada a kan uwar tsantsa, in ta bayyana can ya kai da kansa da hujja. Shi ne tsani tsakaninku.

Hajiya Malama (Jidda):
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'abociyar gyara ba ce, mai amfani ce. Duk kuna cewa mai reshe, mai reshe. Ina yake? Reshenmu na ajin 'yan mata wani ɗalibi ne ya haɗa mana, yaron kirki, ko riyal ɗaya bai karɓa ba. Ya gama karatu, iƙamarsa ta ƙare, ya yi fita ta ƙarshe ya koma gida. Yanzu yana da iyali da hidimarsa. Zan kira shi in ce dole ya ci gaba da yi mana aiki har abada saboda ya taɓa yi mana alheri? Kunya ma ba za ta bar ni ba. Uwar kuma kun ce ba ruwanta. To ni da yarana ruwan wa?

Injiniya (Dammam):
Hajiya, wannan ita ce tambayar gaske, kuma ba ku kaɗai ba ne. Manyanmu a nan za su tuna Sabily. Da farko sunanta na Ubuntu ne na Musulmi, a 2009 ta koma Sabily. Tana zuwa da Zekr na karatun Alƙur'ani, da Minbar na lokutan salla, da kalandar Hijira, da matatar shafuka don yara. Mutane sun so ta ƙwarai. Fitowarta ta ƙarshe ita ce 11.10, wadda suka sa wa suna Uhud, a kan Ubuntu 11.10 aka gina ta. Ita kuma Ubuntu ɗin nan tallafinta ya ƙare a Mayun 2013. Daga ranar, duk kwamfutar da ke kanta ta daina samun facin tsaro, ko da tana kunnuwa lafiya tana kiran salla a kan lokaci.

Ga abin da nake so a lura da shi. Abubuwan da aka shigar cikin uwa ba su tafi da reshen ba. Manhajar itools ta mutanen Arabeyes, mai lissafin lokutan salla da kwanan Hijira, ta shiga rumbun Debian. Rubutun Amiri na Khaled Hosny yana nan a rumbun, umarni ɗaya ka sauke shi. Tsarin maɓallan Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana cikin xkeyboard-config, shi ya sa ko Fedora ka sa ko Mint ko Arch za ka same shi a ƙarƙashin Najeriya. Wanda ya kai shi can sau ɗaya ya yi aikin, kuma ko ya daina wasu na ɗauke da shi. Da a faifan kansa ya ajiye, da ya ɓace tare da faifan.

Ɗan Mai Wurno (Jidda):
Salamu alaikum. Ya Injiniya, maganarka mai kyau ce ga wanda ke zaune a Dammam da intanet ba ya yankewa. Umarni ɗaya ka sauke, ka ce. Mu da muka fito daga Sudan bayan yaƙin da ya fara 15 ga Afrilun 2023 mun san wani abu daban. A Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke kusan ƙasar gaba ɗaya, wasu wuraren makonni. Tun kafin yaƙin ma, a ƙauyukan Sinnar da Jazira ba kowa ke iya sauke gigabait biyu ba. Abin da ke aiki shi ne filash ɗaya da komai a ciki, a sa wa kwamfuta goma, a wuce da shi gari na gaba. Wa ke haɗa irin wannan filash? Ba uwa ba. Irin yaron da Hajiya ta ambata ne. Sabily ma ai tana da babban faifai mai ƙira'o'i a ciki don wanda ba shi da layi. Idan kuka tsananta wa masu rassa da sharuɗɗa har suka ji tsoro suka daina, mutanena ba za su koma Debian ba, tsohuwar Windows ta sata mai cike da ƙwayoyin cuta za su koma.

Injiniya (Dammam):
Allah ya kawo muku zaman lafiya. Ban ce kada a haɗa filash ba. Akwai bambanci tsakanin ka ɗauki uwa yadda take ka tara mata fakitocinta a faifai ɗaya, da kuma ka buɗe rumbunka, ka sa makullin sa hannunka, ka riƙa canza fakitoci. Na farko, ranar da aka sami layi kwamfutar za ta sabunta daga uwa kai tsaye, ko kana nan ko ba ka nan. Na biyu, ka ɗaure mutane a jikinka. Debian ma tana da hanyar yin na farkon a cikin gida, irin Debian Edu na makarantu da Debian Med na likitoci, zaɓin manhajoji ne na musamman amma duka daga rumbu ɗaya.

Auta (Riyad):
Kullum ana magana kamar uwa ba ta laifi. Ita ma fa reshen wasu ce. Debian ba ita ta rubuta OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin sadarwa, ba, ɗaukowa ta yi. A 2006 mai kula da fakitin a Debian ya cire wasu layuka don wata manhajar bincike ta daina ƙorafi a kansu, ashe layukan su ke zuba bazuwar da ake ƙera makullan sirri da ita. Sai Mayun 2008 Luciano Bello ya gano. Kusan shekara biyu duk makullin da aka ƙera da OpenSSL a Debian da Ubuntu da 'ya'yansu yana cikin 'yan dubbai talatin da biyu da ɗoriya da kowa zai iya jerawa ya gwada. Rassa ba su yi komai ba, gado suka ci. Wa ya biya su?

Malam (Madina):
Auta, labarin nan yana da sauran da ya kamata a faɗa. Mai kulan bai yi gaban kansa a ɓoye ba, ya tambayi masu OpenSSL kafin ya taɓa, amsar da ya samu kuma ba ta hana shi ba. Bayan abin ya fashe kowane ɓangare ya ce ɗayan ne bai yi bayani sosai ba. Ni abin da na ɗauka a ciki, ya ƙarfafa rabin maganar Baffa. Na sama yana da wajibi ɗaya da ba zai kauce masa ba: idan na ƙasa ya zo da tambaya ko da faci, a saurare shi da kyau, a duba. Debian da kanta ta rubuta a yarjejeniyarta da al'umma tun 1997 cewa za ta riƙa mayar da gyare-gyare ga marubutan asali, kuma ta yarda wasu su gina nasu a kanta ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Daga baya har ta buɗe teburin karɓar masu rassa da rajistar da suke shiga su bayyana kansu. Wato ta san suna nan, ta kuma san tana da abin yi game da su.

Baffan Makka:
To ka gani. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Malam (Madina):
Rabinsa ne Baffa. Ƙofar a buɗe take ga mai reshe ya shigo da aikinsa. Ba alkawari ba ne cewa za su yi jinyar kowace kwamfutar da ya sa wa hannu.

Injiniya (Dammam):
Kuma abin da Auta ya taɓo yana da amfani, don ya nuna ba girman kai ne ke sa a ce koma wurin wanda ya ba ka ba. Manyan ma ana faɗa musu haka. A 2016 Jamie Zawinski, mai manhajar kulle allo XScreenSaver, ya gaji da karɓar ƙorafi kan kurakuran da ya riga ya gyara tuntuni, saboda Debian mai ɗorewa tana raba tsohon zubi. Dama ya riga ya sa gargaɗi a cikin manhajar da ke fitowa idan ta tsufa, ya ce in ba za su sabunta ba gara su cire ta. Debian ta cire gargaɗin ta ci gaba da rabawa, lasisi ya ba ta dama. A Fabrairun 2025 masu manhajar ɗaukar bidiyo OBS Studio suka yi irin wannan rigimar da Fedora kan wani ƙunshin manhajar tasu da Fedora ta haɗa da kanta, yana ba mutane matsala su kuma suna kai kuka wurin OBS. Har maganar cire suna da tambari ta taso kafin su zauna su daidaita. Firefox ma shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, tana yawo a Debian da sunan Iceweasel saboda saɓani kan suna da faci. Duk inda ka duba maganar ɗaya ce: ka canza abina, ka bar sunana a kai, kuka na zuwa gare ni.

Auta (Riyad):
Na ji wannan. Amma akwai inda uwa ke cutar da reshe da gangan, kuma ba wanda ya ambata. CentOS 8, kwafin kyauta na RHEL, wato Linux ɗin da kamfanin Red Hat ke sayarwa, an ce za ta kai 2029. A Disambar 2020 aka sanar cewa ƙarshen 2021 za a rufe ta. Mutane sun gina ma'aikatu a kan wannan alkawarin. Rocky Linux da AlmaLinux suka taso don cike gurbin, sai a Yunin 2023 Red Hat ta daina ajiye asalin rubutun fakitocin RHEL a inda kowa ke ɗauka, ta ce masu kwafa kawai ba sa ƙara komai. Yaya Injiniya, wannan ma laifin reshe ne?

Injiniya (Dammam):
A'a. Yanke wa'adin da aka riga aka sanar bai yi kyau ba, ban kare shi ba. Ko da yake CentOS a lokacin ba reshen waje ba ce, tun 2014 tana ƙarƙashin Red Hat. Amma dubi abin da AlmaLinux ta yi bayan 2023. Ta ce ta daina bin RHEL kuskure da kuskure, za ta riƙa ginawa yadda manhajoji za su yi aiki iri ɗaya, tana ɗauka daga CentOS Stream, inda Red Hat ke shirya RHEL a fili, tana kuma mayar da gyara can. Mint ma tana riƙe da wani zubinta, LMDE, a kan Debian kai tsaye don ko wata rana Ubuntu ta juya inda ba za su iya bi ba. Devuan da suka ƙi systemd, manhajar da ke tayar da tsarin, suka fice daga Debian a 2014, sai 2017 suka fitar da zubin farko mai ɗorewa, don sun tsaya sun gina rumbunsu da hanyar haɗa shi da na Debian. Reshen da ya ɗauki jama'a dole ya yi tanadin ranar da uwa za ta canza hanya, don tana da ikon canzawa.

Ɗan Mai Wurno (Jidda):
Waɗannan duk masu kuɗi ne ko masu jama'a. AlmaLinux na da gidauniya da kamfanoni a bayanta. Yaron Hajiya shi kaɗai ne da laftof ɗinsa.

Injiniya (Dammam):
Shi ya sa nake tsoron rumbun mutum ɗaya. Ba raini ba ne. Mint da girmanta, ranar 20 ga Fabrairun 2016 aka kutsa shafinta aka mayar da mahaɗin saukewa zuwa gurɓataccen faifan 17.3 Cinnamon mai ƙofar baya. Sun gano da wuri, jagoransu Clement Lefebvre ya fito ya sanar da duniya, suka rufe shafin suka gyara. In abu irin wannan ya sami rumbun da mai shi ya koma gida ya manta kalmar sirrinsa, wa zai gano, wa zai sanar? Kwamfutar yaran Hajiya za ta karɓi duk abin da aka sa wa hannu da wannan makullin, ba za ta tambaya ba. Ko xz, manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, nauyinta a kan mutum ɗaya ya daɗe, Lasse Collin, ya gaji, wani ya lallaɓo da sunan taimako har ya dasa ƙofar baya. Allah ya sa Andres Freund ya lura a Maris ɗin 2024 kafin ta shiga manyan zubi masu ɗorewa.

Hajiya Malama (Jidda):
Kun ba ni tsoro, amma gara da na sani. Ni abin da zan ce, yaron nan ban ga laifinsa don ya tafi ba. Abu ɗaya da na so a ce masu irin wannan aikin suna yi, su bar wasiyya. Takarda ɗaya: ga abin da na gina a kai, ga ranar da tallafinsa zai ƙare, ga abin da na ƙara, in kun daina ji daga gare ni ku yi kaza. Mu mata da ke koyarwa ba za mu gane lambar fakiti ba, amma muna gane kwanan wata. Wanda ya ba ka magani ai yana nuna maka ranar lalacewarsa.

Malam (Madina):
Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk abin da na kawo. Alherin sa kai ba ya zama bashi har abada, mutum na da damar ya ajiye. Amma amanar da ya karɓa sai ya miƙa ta, ko ga wani, ko ga masu ita da bayani. Ajiyewa a yi shiru, mutane na zaton ana gadinsu alhali ba kowa a bakin ƙofa, wannan ne ban samo masa uzuri ba.

Baffan Makka:
Duk na saurara. Na karɓi maganar cewa mai reshe shi ne na farko. Amma ban janye tawa ba, ga dalili. Injiniya, ka ce a kai aikin cikin uwa don ya rayu. Ka san wahalar shiga? Sai ka koyi ƙa'idojin haɗa fakiti, sai ka sami wanda zai duba ya ɗora maka, sai ka yi ta jira, duk da Turanci. Yaron da Larabci da Hausa ne harshensa, yana zuwa ya ga tsayin matakalar sai ya juya ya yi nasa a gefe, a dare ɗaya ya gama. Idan uwa na son a daina tara ƙananan rassa marasa mai kula, ita ma ta sauko. Ta sa mutanen da za su riƙe hannun sabon shiga. Kuma in za a rufe rahoton dattijo irina, a ƙara layi na uku: gwada a kan namu tsantsa, in ta sake faruwa ka dawo. Wannan bai fi ƙarfin ɗan sa kai ba.

Injiniya (Dammam):
Layi na ukun nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma da yawa suna rubuta shi. Masu riƙe hannun ma akwai, Debian na da tsarin masu jagoranci da masu ɗora wa sabbi fakiti, sai dai sun yi kaɗan ga masu jira. To su wa za su ƙaru? Uwar ba wani gini ba ce a Amurka ko Jamus, mutane ne kusan dubu da 'yan kai warwatse a duniya. In babu Bahaushe a cikinsu da zai karɓi yaron nan da harshensa, mu ne ba mu shiga ba.

Auta (Riyad):
Wannan kuma ɗora wa wanda aka bari a waje laifin rashin shiga ne, Yaya. Kuma akwai abin da ko mun shiga ba za mu canza ba. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da faifan sakawa na tsofaffin kwamfutoci masu bit 32. Ubuntu ta riga ta bari tun da daɗewa. Irin kwamfutocin da ake ba makarantun haddarmu sadaka fa su ne waɗannan. Uwa ta yanke cewa ba ta da hannun da za ta ci gaba da ɗaukarsu, ban ce ta yi zalunci ba. Amma daga nan mai tsohuwar na'ura ba shi da kowa sai ƙananan rassa irin su antiX. Ka ce kada ya dogara da reshe, ya dogara da wa?

Injiniya (Dammam):
Debian 12 tana da bit 32, kuma tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028. Su ma rassan da kake nufi daga rumbun Debian suke ɗibar mafi yawan kayansu, ranar da ta daina gina wani abu sai sun gina da kansu, su kuma bi shi da facin tsaro. Ka tambaye su ko suna da hannun yin haka kafin ka ɗora musu makaranta. Kuma Hajiya, kafin a yi nisa, yawancin kwamfutocin da aka yi daga wajen 2008 zuwa yau suna ɗaukar bit 64 ko da an sa musu na 32. A buɗe tagar umarni a rubuta lscpu, layukan farko za su nuna. A kuma buɗe fayil ɗin os-release da ke cikin etc, da jerin rumbunan da ke cikin etc/apt, a ɗauki hotonsu a turo. Daga nan za mu san nawa ne na uwa, nawa ne na yaron, da ko rumbunsa na amsawa har yanzu.

Ɗan Mai Wurno (Jidda):
Hajiya, ni ina Jidda, in an ba ni lokaci zan zo in ɗauki hotunan, ba sai kin wahalar da kanki ba. Amma Injiniya, in ya zama sai an sake saka musu uwa tsantsa, ni zan haɗa filash ɗin, kuma zan yi kwafi in aika Sudan da shi. Can ba za su ga sabuntawa ba sai an yi watanni, ko daga uwa ko daga reshe. Wannan har yanzu ba wanda ya ba ni amsarsa a cikinku.

Injiniya (Dammam):
Akwai apt-offline, an yi ta ne don wannan. Kwamfutar da ba ta da layi ta rubuta abin da take buƙata a ƙaramin fayil, a kai shi inda akwai layi a sauke, a dawo da shi a filash, kuma tana duba sa hannun uwar kafin ta karɓa. Sai dai tana son mutum a can wanda zai riƙa yin zirga-zirgar duk wata ko wata biyu. Kana da wanda zai ɗauka a Sinnar ko Kasala?